Yadda rada ke gane jirgin da ya ƙi faɗin sunansa

A farkon watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jiragen sama a sararin samaniyar Jihar Zamfara, ta kuma jaddada haramcin haƙar ma'adinai a jihar, bayan an daɗe ana raɗe-raɗin cewa akwai jirage masu saukar ungulu da ke sauka a daji su sauke wa 'yan bindiga makamai su kwashi zinare. Tabbatar da wannan zance ko ƙaryata shi aikin hukumomin tsaro ne, amma a nan Agege, inda da yawanmu ke da iyaye da 'yan'uwa a yankin, maganar ba ta kwanta ba har yau. Wani dattijo mai sana'ar shanu a Abbatuwa ya taɓa tare ni da ita bayan sallar isha'i, ya ce: "Malam, kai da ka karanci lantarki, fahimtar da ni. Jirgi guda, da girmansa da rugugin da yake yi, ya shiga ƙasar mutane ya fita, sannan a ce ba a san ko wane iri ba ne?" Kafin in buɗe baki wani matashi ya zaro wayarsa ya buɗe manhajar Flightradar24, kuma faɗuwa ta zo daidai da zama, domin a lokacin wani jirgi na ratsowa ta saman rufin gidaje, fitilunsa a kunne, yana shirin sauka Ikeja. Ya nuna wa dattijon sunan kamfanin, da garin da jirgin ya taso, da samfurinsa, da tsayin da yake kai, ya ce: "Baba, ai yanzu ba abin da ke ɓuya." Na ce: "Alhaji, abin da yaron nan ya nuna maka gaskiya ne, sai dai jirgin ne da kansa ya faɗi duk wannan. Wanda kake tambaya a kai shi ne wanda ya ja bakinsa ya yi shiru."

Kowane jirgin fasinja yana ɗauke da na'urar amsa kira. Tashar da ke ƙasa tana aika masa tambaya ta rediyo a kan megahaz 1030 (megahaz ɗaya shi ne kaɗawar igiyar rediyo sau miliyan a daƙiƙa), shi kuma ya mayar da amsa a kan megahaz 1090, ya faɗi lambarsa mai alƙaluma 4 da masu kula da zirga-zirga suka ba shi, ya faɗi tsayin da yake kai. Akwai lambobin da aka keɓe wa halin ƙa-ƙa-ni-ka-yi: 7500 idan an yi fashin jirgin, 7600 idan rediyonsa ya mutu, 7700 idan yana cikin haɗari. Jiragen zamani ma ba sa jiran a tambaye su, suna shelar inda suke ba dare ba rana ta tsarin ADS-B, kuma wannan shela ce ƙananan na'urorin masu sha'awa ke kamawa su tura ta intanet har ta iso wayar matashin nan. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma an gina shi ne bisa yardar matuƙi. A ranar 8 ga Maris na 2014, da na'urar amsa kira ta jirgin Malesiya mai lamba 370 ta daina magana, jirgin da mutane 239 a cikinsa ya ɓace daga allon masu kula da jiragen farar hula, kuma radar soja ce kaɗai ta kama shi ya juya ya nufi yamma.

Wannan radar soja irin ta asali ce, wadda ba ta neman iznin kowa. Tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi jikin jirgi, ɗan abin da ya dawo ya shiga eriya. Tun 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar na'urar da ke gano jiragen ruwa ta wannan hanya, sannan a watan Fabrairu na 1935 Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka nuna wa gwamnatin Birtaniya, a kusa da garin Daventry, cewa jirgin sama ma yana mayar da igiyar rediyo. Lissafin nisa ba shi da wuya: igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka duk jinkirin kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa tsakanin harbi da dawowa yana nufin mita 150. Wuyar tana ga raunin amsa-kuwwar, domin idan nisan jirgi ya ninka sau 2, ƙarfin abin da ke dawowa yana raguwa sau 16.

Mu a Nijeriya hatsari ne ya tuna mana darajar wannan na'ura. A daren 22 ga Oktoba na 2005 jirgin Bellview ya tashi daga Legas zuwa Abuja da mutane 117, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, amma sai washegari aka gano tarkacensa a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun, bayan an yi ta bazuwar labarin cewa can Kishi ta Jihar Oyo ya faɗi. A 2010 aka ƙaddamar da aikin TRACON na baza rada a faɗin Nijeriya, wanda kamfanin Thales na Faransa ya yi wa NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasar, da tashoshi 9. Kamar yadda aka tsara shi, Legas da Abuja da Kano da Fatakwal ne ke da rada iri biyun, mai tambaya da mai kama amsa-kuwwa, yayin da Talata Mafara da Maiduguri da Numan da Obubra da Ilorin ke da mai tambaya kaɗai. Ke nan tashar da aka kafa a cikin Zamfara an yi ta ne domin jirgin da ke amsa kira. Daga Kano zuwa Gusau kuwa ya kai kilomita 200, alhali saboda lanƙwasar doron ƙasa, eriyar da ke kan hasumiya mai tsayin mita 25 ba ta hango jirgin da ke tafiya mita 100 daga ƙasa sai ya matso kusan kilomita 60. Wannan ba aibin tsarin ba ne, an gina shi ne don raba jiragen fasinja kada su yi karo. Tsaron sararin samaniya aikin sojin sama ne, kuma ba a baje kayan aikinsu a faifai.

To ko da an hango jirgin, tsugune ba ta ƙare ba. Abin da rada ta asali ke nunawa a allo ɗigo ne kawai, da nisansa da ɓangaren da yake. Ana iya yin hasashe daga gudu da tsayi da yadda yake juyawa, tunda abin da ya tsaya cak a sama ba jirgin fasinja ba ne, amma jirgin yaƙi yana iya rage gudu ya bi hanyar jiragen fasinja. Ƙarfin amsa-kuwwa ma ba shaida ba ce, domin jirgi ɗaya yana mayar da mai ƙarfi idan ya ba da gefe, ya mayar da mai rauni idan ya fuskanto. Dole aka koma ga abin da ke ƙunshe cikin amsa-kuwwar ita kanta.

Mabuɗin shi ne abin da Christian Doppler, mutumin Ostiriya, ya bayyana a 1842. Duk wanda ya tsaya bakin layin dogo a Agege ya san ƙahon jirgin ƙasa yana siriri idan jirgin na tahowa, ya yi kauri da zarar ya wuce. Haka igiyar rediyo take. Radar da tsawon zangonta ya kai santimita 10, wato mai kaɗawa sau biliyan 3 a daƙiƙa, idan ta bugi jirgin da ke nufo ta da gudun kilomita 900 a sa'a, amsa-kuwwar tana dawowa da ƙarin kaɗawa 5,000 a daƙiƙa. Da a ce jirgi dunƙulen ƙarfe ne guda, da wannan ƙari ɗaya za a samu. Amma jirgi yana da sassan da ke juyawa a jikinsa, kowanne da nasa gudun, kowanne kuma yana barin tambarinsa a cikin abin da ke dawowa. Victor Chen na cibiyar binciken sojin ruwan Amurka yana cikin waɗanda suka tsara nazarin waɗannan ƙananan tambura a farkon wannan ƙarni. Lissafin da ke warware amsa-kuwwa zuwa kaɗe-kaɗen da suka haɗu a cikinta kuwa na Joseph Fourier ne, Bafaranshe, kuma hanyar yin sa cikin sauri a kwamfuta ta yaɗu ne daga 1965 ta hannun James Cooley da John Tukey.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na injin jet. Wanda ya tashi a gidan da ake daka, yana daga zaure zai iya faɗin ko mata nawa ke lugude a kan turmi, daga tazarar da ke tsakanin saukar taɓare kawai. Rada ma haka take yi da fankar da ke bakin inji. Igiyar tana shiga bakin injin ta bugi fikafikan fanka, kuma duk lokacin da wani fiffike ya zo ya maye gurbin na gabansa, fuskar da fankar ke nuna wa rada tana komawa yadda take. Sai amsa-kuwwar ta riƙa bugawa daidai da yawan fikafikai sau yawan juyi. Injin CFM56-7B da ke kan Boeing 737-800 yana da fikafikai 24 a fankarsa, kuma idan tana juyi 5,000 a minti, bugun zai kai 2,000 a daƙiƙa. Injin CFM56-5B da ke kan Airbus A320 yana da 36, don haka a wannan gudun bugunsa 3,000 ne. A kan allon mai nazari abin yana fitowa ne kamar layuka a jere, a dama da hagun babban layin gangar jirgin, da tazara daidai wa daida a tsakaninsu.

Mai kula zai ce ai fikafikai 24 masu saurin juyi suna iya ba da bugu ɗaya da 36 masu jinkirin juyi, kuma gaskiya ne. Abin da ke raba gardama shi ne fikafikan ba sa taɓa zama iri ɗaya ɗari bisa ɗari, saboda haka ana samun wasu raunanan layuka da ke nuna gudun sandar injin ita kaɗai, sai a raba a fitar da adadin fikafikai. Bayan fankar kuma akwai wani jerin fikafikai mai nasa adadin, wanda ke haɗuwa da na farko ya ba da ƙarin layuka. Da waɗannan ake gane injin. Sai dai a lura, injin aka gane, jirgin kuwa sai an ƙara bincike, domin A320 ɗin nan akwai wanda aka ɗora wa injin V2500 mai fikafikai 22, kuma dangin CFM56 suna kan jiragen fasinja suna kuma kan wasu jiragen soja. Hanyar ba ta aiki sosai sai jirgin ya fuskanto rada ko ya ba ta baya, shi ya sa masu ƙera jiragen yaƙi na zamani suke lanƙwasa maƙogwaron iskar inji don kada igiyar ta ga fankar.

Jirgi mai saukar ungulu, wanda shi ne abin tambayar dattijon, tambarinsa ya fi na kowa fitowa fili. Bakin farfelarsa yana gudun da ya haura mita 200 a daƙiƙa ko da jirgin na tsaye wuri guda, kuma duk lokacin da fiffike ya gicciya daidai da layin da rada ke kallo, sai ya yi wani ɗan walƙiya mai ƙarfi a cikin amsa-kuwwar. Mu ɗauki biyu daga cikin waɗanda ke jigilar ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku: Sikorsky S-76 mai fikafikai 4 da AW139 mai 5, dukkansu farfelarsu na juyi wajen 300 a minti. A mai 4, sa'ad da wani fiffike ke tahowa, takwaransa na ɗaya gefen yana komawa a daidai wannan lokacin, sai walƙiya biyun su faɗo tare, sau 20 a daƙiƙa. A mai 5 babu fiffiken da ke da takwara a gabansa, don haka walƙiyar mai tahowa da ta mai komawa suna karɓa-karɓa, sau 50 a daƙiƙa. Kallo ɗaya mai nazari zai yi wa zanen ya san ko adadin fikafikan mai rabuwa biyu ne ko mara rabuwa, daga nan kuma ya auna tsawon fiffike daga gudun bakinsa. Ƙaramar farfelar wutsiya tana ƙara tata shaidar.

Da wannan dabara ake raba tsuntsu da ƙaramin jirgi mara matuƙi, waɗanda girmansu da gudunsu da tsayin tashinsu duk sun yi kama. Shirwa ko balbela tana kaɗa fiffike 'yan lokuta a daƙiƙa, wani lokacin ma ta shanya shi ta bi iska, farfelar jirgi mara matuƙi kuwa tana juyi dubbai a minti. A watan Disamba na 2018 rahoton ganin irin waɗannan jirage ya rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da tashi da sauka wajen 1,000.

Akwai wata hanya da ba ruwanta da sassa masu juyawa. Idan aka faɗaɗa zangon da rada ke harbi a kai, wato yawan megahaz ɗin da harbinta ya mamaye, tana iya rarrabe abubuwan da ke kusa da juna: faɗin megahaz 1 yana raba abin da ke da tazarar mita 150, faɗin megahaz 500 kuwa yana raba santimita 30. A wannan matakin jirgi ya daina zama ɗigo, hancinsa da bakin injinsa da gindin fikafikansa da wutsiyarsa kowanne yana dawo da tasa amsar daban, a jere bisa nisa, har a auna tsawonsa. Idan jirgin na ɗan juyawa ana iya tara amsoshin a fitar da wani abu mai kama da hoto. Lagon wannan hanya shi ne da jirgin ya ɗan karkata kaɗan jerin ya sauya, sai an tanadi samfurin kowane jirgi ta kowace fuska.

A nan ne nake roƙon masu ɗora wa ma'aikatan hasumiyar filin jirgi laifi su yi adalci. Radar filin jirgi tana kewayawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 4 zuwa 5, kuma haskenta siriri ne, don haka kallon da take yi wa jirgi a kowane kewaye bai wuce kimanin kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Walƙiyar S-76 tana zuwa ne duk bayan kashi 50 cikin 1,000, ke nan rada tana iya wucewa ba ta ga ko ɗaya ba. Tana kuma harbi wajen sau 1,000 a daƙiƙa, wanda bai isa a auna bugu 2,000 ko 3,000 ba tare da ruɗani ba. Gane samfuri yana bukatar radar da za ta kafa wa jirgi ido ta daɗe tana kallo, da yawan harbi da faɗin zango, kuma wannan wata na'ura ce daban mai nata kuɗin. Ga kuma ruwan Legas, wanda idan ya sauko kamar da bakin ƙwarya yakan cika allo da tasa amsa-kuwwar.

Yau ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin aikin. Ana mayar da amsa-kuwwa zane, a nuna wa kwamfuta dubban zane-zane tare da sunan jirgin da ya haifar da kowanne, har ta koyi rarrabewa da kanta. Tana da sauri kuma ba ta gajiya, amma ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. Tambarin jiragen yaƙi sirri ne da kowace ƙasa ke ɓoyewa, shi ya sa binciken jami'o'i da yawa ke dogara da amsa-kuwwar da aka ƙirƙira a kwamfuta. Kuma idan ba a tsara ta da kyau ba, da ta haɗu da jirgin da ba ta taɓa gani ba sai ta jingina shi ga mafi kusa a cikin waɗanda ta sani, ta faɗa da cikakken tabbaci. A ganina na'urar da ba a koya mata cewa "wannan baƙo ne a wurina" ba bai kamata a haɗa ta da makami ba.

Ina faɗin haka ne saboda an riga an zubar da jini a kan wannan. A ranar 3 ga Yuli na 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Vincennes ya harbo Airbus A300 na Iran da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutane 290 suka rasu, bisa zaton jirgin yaƙi F-14 ne. Bayanan da na'urar jirgin ruwan ta adana sun nuna jirgin yana hawa sama ne yana kuma amsa kira da lambar farar hula, amma mutanen da ke gaban allo suka ba da rahoton yana gangarowa. A watan Maris na 2003 aka samu akasin haka: na'urar Patriot ta Amurka, mai kakkaɓo makamai a sama, ta lissafa jirgin yaƙin Tornado na Birtaniya da ke komawa Kuwait a matsayin makami mai linzami, aka harbe shi, mutum 2 da ke ciki suka mutu. A ranar 8 ga Janairu na 2020 kuma dakarun Iran suka harbo Boeing 737-800 na Yukiren jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, da mutane 176, suna zaton makami ne. Wani wuri mutum ne ya ƙi gaskata na'ura, wani wuri kuma ya gaskata ta ba tare da dubawa ba. Nazarin amsa-kuwwa yana iya tabbatar da cewa abin da ke tafe yana da inji mai fikafikai 24 ko farfela mai 5, amma wanda ke ciki da abin da ya ɗauko da niyyarsa ba sa cikin igiyar rediyo. Sai an haɗa shaidar da takardar shirin tafiya, da kiran rediyo, da bayanan sirri, kafin a yanke hukunci.

Duk da haka ina ganin bai dace mu bar wannan ilimi a hannun masu sayar mana da kaya ba. Za a iya sayo rada, amma taskar tamburan da za ta yi aiki a samaniyarmu, da tsuntsayenmu da jemagunmu da ruwan damunarmu da irin jiragen da ke yawo a yankinmu, sai mu muka tara ta. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya tun 1964, muna da sassan koyar da injiniyan lantarki a jami'o'inmu, kuma matakin farko ba ya bukatar biliyoyi. Gwajin Daventry na 1935 bai harba igiyar kansa ba, ta tashar BBC ya ara. Haka ɗalibi zai iya yi a Legas, inda tashoshin FM da na talabijin suka cika iska: eriya ɗaya ta fuskanci tashar, ɗaya ta fuskanci hanyar jirage, na'urorin karɓa biyu masu aiki da agogo ɗaya, sai kwamfuta ta gwada abin da ya iso kai tsaye da wanda ya biyo ta jikin jirgi. Igiyar FM ba ta auna nisa da kyau saboda ƙarancin faɗinta, amma ana iya sauraronta na tsawon lokaci, ta talabijin ta dijital kuwa mai faɗin megahaz 8 ta fi ta rarrabewa nesa ba kusa ba.

Agege da Iju suna ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi idan za su sauka filin jirgin Murtala Muhammed ta arewa, kuma kusan kowannensu yana shelar lambarsa ta ADS-B, wadda daga ita ake sanin samfurinsa. Ke nan duk amsa-kuwwar da aka naɗa tana zuwa da sunan mai ita, wanda shi ne abin da ya fi wahalar samu a wannan fage. Abin da ya rage shi ne malamin jami'a da zai ja ragamar aikin, da rubutaccen izni daga hukumomin jiragen sama da na tsaro tunda wurin na kusa da filin jirgi, da kuma haƙurin naɗar bayanai a rani da damina da lokacin hunturu, a rubuta yanayin sama da fuskar da kowane jirgi ya bayar a gefen kowane naɗi.